Hutun Abdulmuhaimin a Tsibirin da Yake Sayarwa

A wani lungu bayan kasuwar zinare ta Deira, in ka wuce masu kago, wato masu aika kaya gida, da mai shayin karak, akwai ofishin sayar da tikitin jirgi mai tebur uku. Tebur na ƙarshe, wanda ke ƙarƙashin hoton wata bishiyar kwakwa da ta sunkuya kan teku, shi ne na Abdulmuhaimin, mutumin Gumel. A 2016 ya zo Dubai da digirin labarin ƙasa, kuma digirin ya yi masa rana, don manajan yana ganin takardar ya ce to shi ne zai riƙa sayar da tsibiri, wato tikitin zuwa hutu can.

Tsibirin yana can cikin tekun Indiya, tafiyar 'yan sa'o'i a jirgin sama. Abdulmuhaimin bai taɓa taka shi ba. Ruwa mafi girma da ya taɓa ratsawa shi ne mashigin Deira, a cikin abra, ɗan jirgin fito na katako, shi ma hannu biyu ya riƙe katakon yana salati har aka kai gaɓa. Amma in ya buɗe baki yana ba ka labarin tsibirin, sai ka rantse a can aka binne cibiyarsa. Da sassafe a fita da kwalekwale a ga manyan kifayen nan dolfin suna tsalle. Da hantsi a sa tabarau da bututun numfashi a leƙa kifaye masu launi-launi. Bayan azahar a zaga gonar kanumfari da kirfa, a gaisa da wasu kunkuru da suka girmi kakan kowa. In rana za ta faɗi a hau jirgin katako a bi ta da kallo. Yana faɗa yana lumshe ido, har wanda tikitin Kano kawai ya shigo saya sai ya tsaya ya ji ƙarshen labarin.

Masu sayen tsibirin mutanenmu ne, 'yan kasuwar da suka zo saro kaya, waɗanda matansu suka ga matar maƙwabci a hoto tana tsaye bakin teku suka hana su sakat. Ba dolfin ne ya dame su ba. Tambayoyinsu ba sa wuce uku: akwai kasuwa, akwai tuwo, kuma ranar can tana baƙanta mutum? Abdulmuhaimin bai raina tambayar kowa ba. Ya zaɓi otal guda ya riƙa tura kowa can. Ya koya wa kukun otal ɗin tuƙa tuwon shinkafa ta bidiyo, ya sa aka zuba butoci a kowane banɗaki, duk wanda zai tafi kuma sai ya cusa masa ƙullin kuka da daddawa a jaka ya kai wa kuku. Kafin a ankara otal ɗin ya zama zango, har masu shara sun iya amsa sannu.

Matarsa Hadijatu ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti, suna zaune a ɗaki da falo a Al Warsan, inda in ka buɗe taga ba abin da za ka gani sai rufin manyan rumbunan ajiyar kaya. Ita ce ta fi kowa shan labarin tsibirin, tun da wayarsa ba ta san an tashi daga aiki ba. Yana cin abinci yana sayarwa, yana guga yana sayarwa. Ta haddace shirin tsaf, in ya manta gonar kanumfari ita ke tuna masa daga kicin.

Hutu kuwa suna samu, wata guda duk shekara, kuma kowa ya san inda ɗan arewa yake kai hutunsa. Gida. Tun kafin su tashi an tsara musu shi. Akwai gaisuwar duk wanda ya rasu a shekarar, da barkar duk wadda ta haihu, da bikin da aka ɗaga musamman don ya zo, da ƙannen baba biyu da ba sa magana da juna sai ya zo ya zaunar da su. Ya kwana a Gumel ya tashi a Haɗeja, ita ta yi ta auna hawan jinin unguwa. Inna, mahaifiyarsa, tana zaune a tabarma tana lissafa masa gidajen da bai shiga ba tukuna. Yana sonta har ransa, kuma duk ranar da zai dawo sai ya ɓoye fuska ya yi hawaye, amma gaskiya ita ce a hutun bara da suka sauka Dubai sai da Hadijatu ta sa masa ƙarin ruwa a falo.

Da hutun ƙarshen 2019 ya matso, ta ajiye masa shayi ta ce ita fa tana so ta ga kunkurun nan da idonta. Mako guda kawai, su biyu, ba waya, ba gaisuwa. Ya ce ai in dangi suka ji an ba shi hutu ya tsallake mahaifiyarsa ya tafi kallon kifi, sunansa ya gama lalacewa a Gumel har jikokinsa. Ta ce to kada su ji. Ya yi kwanaki yana juya maganar, sannan ya kira Inna ya ce bana aiki ya yi yawa, kamfani ya hana shi hutu. Inna ta ce Allah ya sa hakan ne mafi alheri, ya riƙe aikinsa da kyau. Da ya ajiye wayar ya ji kunyar kansa ƙwarai, amma can ƙasan kunyar akwai wani daɗi da ya kasa korewa.

A wajen zaɓen masauki ya tafka wautar. Hadijatu ta ce su nemi wani otal can ɗaya gefen tsibirin, inda ba wanda ya taɓa jin sunan daddawa. Ya ce haba, shi da ya san tsibirin nan kamar tafin hannunsa, ga otal ɗinsa na amana, ga kuku ɗalibinsa, kuma ya duba, babu baƙonsa ko ɗaya a makon. Mutum ya yi shekaru yana gina wa jama'a gida a tsakiyar teku, sannan ya ce a cikinsa zai ɓuya.

Safiyar farko ta yi kyau, ba ƙarya. Yashin fari ne kamar yadda yake faɗa, abin har ya ba shi mamaki. Ya sayi gajeren wando mai hoton abarba, ya tsoma ƙafa a teku zuwa idon sawu, Hadijatu tana yi masa dariya irin wadda rabonsa da ji tun suna amarci. Suna cikin haka ya ji an yi gyaran murya a bayansa.

"Kai, wannan ba ɗan marigayi Malam Dikko ba ne?"

Alhaji Gidaɗo ne, dillalin tayoyi, abokin mahaifinsa, wanda 'yarsa take aure gida uku tsakaninsu da Inna. Yana tsaye cikin babbar riga, matarsa Hajiya Jummai a bayansa da lema, sai 'ya'ya da surukai kamar an sauke mota. Abdulmuhaimin da kansa ya yanka musu tikiti, na watan jiya. Sai dai Alhaji ba ya tafiya ranar da takarda ta ce, sai ranar da kwantenarsa ta fita, kuma manaja ne ya sauya musu rana. Abdulmuhaimin ya durƙusa a cikin ruwa ya kwashi gaisuwa, yana jan wandon abarba ƙasa ko zai rufe gwiwa. Alhaji ya dubi wandon, ya dubi Hadijatu, ya tambaye shi me ya kawo shi, shi da aka ce an hana shi hutu.

"Aiki ne, ranka ya daɗe. Kamfani ne ya turo ni in kula da baƙinmu."

"Ma sha Allah. Khalas, shi ke nan, mun huta. Yalla, maza zo ka karɓi jakar Hajiya."

Daga nan hutun ya tashi. Alhaji ya biya kuɗin komai da ke cikin shirin, kuma ba ya nufin yin ko ɗaya, hoto yake so. Aka fita ganin dolfin, Abdulmuhaimin ya ɗaura masa rigar ceto a kan babbar riga, kwalekwale bai yi nisa ba Hajiya ta ce cikinta yana juyawa, aka juyo. Aka zo leƙen kifi, Alhaji ya sa tabarau ya tsaya a kan yashi aka ɗauke shi, ya cire ya ce ai kifi a faranti ake ganinsa. A gonar kanumfari ya sa Abdulmuhaimin ya tambayi nawa ake sayar da fuloti. Wajen kunkuru ya tambaya ko za su jure zafin Jigawa. Ita kuwa Hajiya duk inda ta taka lema na kanta, kuma ba ita ke riƙe da lemar ba. In an dawo otal sai ya shiga kicin, don miyar kuka ta yi ruwa, kuma wa zai gyara in ba malamin kuku ba.

Hadijatu ta auna jinin Hajiya sau ɗaya don ladabi. Da ta ga an fara jera mata surukai, sai ta ce ta bar na'urar a kwalekwale. Kullum da safe ta sa hijabinta ta bi kwalekwalen Turawa ita kaɗai. Ta ga dolfin. Ta sa tabarau ta leƙa ƙarƙashin ruwa, ta dawo tana cewa akwai wani kifi shuɗi mai ratsin ɗorawa da bai taɓa ambata ba a labarinsa. Yana sauraronta yana matsa kafaɗarsa da lema ta gajiyar, kishi da tausayin kansa suna cinsa. Ranar ƙarshe ta roƙe shi ya ce wa Alhaji ba shi da lafiya, su hau jirgin katakon nan su biyu su ga faɗuwar rana. Ya amsa. Yana saka takalmi aka ƙwanƙwasa ƙofa, Alhaji yana son a raka shi kasuwa sayen tsaraba. Ya dubi matarsa, ya dubi ƙofa, ya bi Alhaji.

A jirgin dawowa Hadijatu ta juya fuska wajen taga, shi kuma abin da ke cin ransa hotuna ne. Surukan Alhaji sun ɗauki ɗaruruwa, kuma ya san tuni sun isa Gumel, sun zaga gida uku.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci wayar ta zo. Yana zaune a falo, ya ga sunan Inna, ya miƙe tsaye kamar tana ganinsa. Ya tanadi ban haƙuri, ya tanadi rantsuwa, har ya tanadi kuka. Amma muryar Inna a sanyaye take. Ta ce 'yar Alhaji ta kawo mata waya ta ga komai. Ta gan shi riƙe da lema a rana, ta gan shi a durƙushe yana ɗaure wa Alhaji igiyar riga, ta gan shi da jaka uku a kafaɗa, ta gan shi a kicin da muciya.

"Wallahi da ka ce an hana ka hutu, sai da zuciyata ta raya mini ko gudunmu kake. Ka yafe mini, ɗan nan. Ashe haka suke wahalar da kai, har tsakiyar ruwa. Ko hoto ɗaya ban ga kana zaune ba. Baɗi in sun ba ka, ka taho gida ka huta."

Ya ce ba komai Inna, Allah ya kai mu. Ya ajiye wayar ya zauna a hannun kujera. Ya tsira, sunansa ma ya ƙara daraja a Gumel, amma abin bai yi masa daɗi ba. Hadijatu tana tsaye a ƙofar kicin, ta ji komai. Ya ɗago ya ce mata abin da ke damunsa shi ne tsohuwa tana neman gafararsa a kan ƙaryar da shi ya yi mata.

Hadijatu ta goge hannunta da tsumma, ta dube shi ba fushi ba dariya.

"Wace ƙarya, Malam? Ka ce mata ba ka sami hutu ba. Ni na je hutu. Kai aiki ka je."