Amsa ta Biyu Tana Bayan Kwatarkwashi

Sau biyu na rubuta jarrabawar kammala sakandare, sau biyu lissafi yana kayar da ni. Sauran darussan duk na ci, amma kwalejin da nake nema ba ta ɗaukar wanda ba shi da kiredit a lissafi. Baba ya ce zai bar ni in gwada na uku, in ban ci ba in tattara in koma garinmu Furfuri mu yi noma. Bai faɗa da fushi ba, kuma na san ba zai canja magana ba.

A Gusau nake zaune lokacin, wurin yayana mai tuƙa motar haya zuwa Tsafe. Da yamma ina zuwa zauren wani tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya. Shi ya gano inda nake tuntuɓe. Idan ya rubuta x² = 9, ya ce in nemo lambar da aka ninka da kanta ta ba da tara, sai in ce uku, in ajiye alli.

"Saura ɗaya," in ji shi.

"Malam, uku sau uku tara ne."

"Ban musa ba. Amma uku mai alamar ɗebewa ma, in ta ninka kanta, tara za ta ba ka. Ka kawo rabin amsa kana jiran cikakken maki."

Nakan haddace, bayan kwana biyu in manta. A raina abin da ya gaza sifili ba abu ba ne. Ban taɓa ganin akuya uku ƙasa da babu ba.

Wata Asabar yayana ya kira ni. Fambel ɗin injin motarsa ya tsinke, ga fasinja cike. Ya ce in sayo sabo in kai masa, yana kamar kilomita uku daga Kwatarkwashi. Kafin in ƙara magana cajin wayarsa ya ƙare.

Na sayi fambel, na ari babur na kama hanya. Da duwatsun garin suka bayyana sai na rage gudu, na tsaya inda na ƙiyasta saura kilomita uku. Babu mota. Na yi gaba kaɗan, na dawo baya. Wani dattijo makiyayi da ke tsallakar da shanunsa ya ce tun hantsi yake wurin, bai ga motar da ta lalace ba. Har na juya kan babur zuwa gida, sannan na tuna cewa hanyar ba a Kwatarkwashi ta ƙare ba.

Can na same shi, kilomita uku bayan garin ta ɓangaren Tsafe, fasinjojinsa sun watsu a inuwar wata bishiya.

"Ɗan boko, ta Kano ka biyo?"

"Kai ka ce uku daga Kwatarkwashi. Ba ka ce ta wane gefe ba."

"Kai kuma da yake garin gefe ɗaya gare shi, ba ka tambaya ba."

Wata tsohuwa cikin fasinjojin ta ce mu bar musu mu ɗaura abin nan, jikanta na jiran ta.

Washegari na ba Malam labari. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ja layi a allo, ya sa sifili a tsakiya ya ce nan ne Kwatarkwashi. Dama Tsafe, hagu Gusau. Ninka lamba da kanta, in ji shi, yana riƙe nisa ne ya zubar da gefe. Saboda haka mai komawa baya ya nemo saiwar lambar, wato wadda aka ninka da kanta, dole ya leƙa ɓangarorin biyu. Daga nan muka shiga tambayoyi masu wuya, irin (x − 2)² = 25, na riƙa fito da bakwai, da kuma uku mai alamar ɗebewa, ba tare da ya tuna mini ba.

Ba wannan kaɗai ya gyara mini lissafi ba. Na sha fama da wasu sassan har ranar jarrabawa, kuma na fito daga ɗakin ban san matsayina ba.

Da sakamako ya fito, kiredit na samu, mafi ƙanƙanta, amma kiredit. Na hau mota zuwa Furfuri na tarar da Baba yana gyaran bakin rumbu. Ya saurare ni har na gama, ya yi hamdala, ya ce wa Inna ta auna mini gero da wake, tunda ɗalibi ba ya karatu da yunwa. Sannan ya miƙo mini kwanon laka ya ce in riƙe masa, kwalejin ai ba yau za a buɗe ba.