Baba Famfo da Bangon da Ya Bushe

A layinmu babu wanda ya san sunansa na yanka. Baba Famfo ake ce masa, matarsa kuma Gwaggo. Tun ana haƙa harsashin gidajen nan ya zo, yana saurayi, da jakar sufana a kafaɗa, kuma rabin bututun da ke ƙarƙashin unguwar shi ya binne su da hannunsa. Unguwa ce ta masu hali. Katangu dogaye, kowace ƙofa da maigadinta, ciyawa a aske, titi shiru sai ƙarar injin ban-ruwa. Talakan da ke kwana a nan, a ɗakunan baya yake kwana, waɗanda aka gina domin 'yan aiki. Ni a gidan surukina nake zaune, katanga ɗaya ce tsakanina da su.

Ɗaki biyu yake haya a bayan wani gida mai bene. Tsohon maigidan ne ya ba shi, da baki kawai, don sun shaƙu. Da tsohon ya rasu, gidan ya faɗa hannun autansa, wanda Baba Famfo ya sha ɗauka a wuya yana ƙarami. Auta a wani gari yake, kuma so yake ya sayar. Sai dai gidan ya ƙi sayuwa. Bangon falo kullum a jiƙe, fenti yana kumbura yana zubowa, ga wari kamar na tsumman da aka manta a bokiti. Duk wanda dillali ya kawo, da ya shaƙi falon sai ya tuna yana da wani uzuri. Auta kuwa ba ya son zuba kuɗi a gidan da ba zai zauna ba. Aka yi shekaru a haka. Kowa a layin ya san damshin nan ne ke riƙe da matsugunin Baba Famfo, kowa ban da shi.

Ga shi Gwaggo ta samu shanyewar ɓarin jiki, kuma ɗakin kamar don ita aka yi shi. Babu matakala. Mijin ya kafa mata bututun ƙarfe a bango, daga bakin gado har banɗaki, tana dafawa tana jan ƙafa. Asibitin da ake mata gashin ƙashi yana bayan layi, a keken guragu yake tura ta. 'Yarsu guda ce, tana aure a nesa, ɗaki ɗaya ita da miji da yara. In Baba Famfo da Gwaggo sun bar nan babu inda za su nufa.

Mutumin ba shi da wani aibu sai guda: ba ya iya ganin ruwa yana ɗiga ya wuce. Ya je gaisuwa gidan mutane, ya nemi izinin shiga banɗaki, sai ka gan shi ya fito da hannun riga a naɗe yana cewa ya ɗan ɗaure musu kan famfo. Ba a sa shi ba, ba ya kuma jiran a gode.

Wata safiya na ji sara ta bayan katanga. Na zagaya, na same shi cikin rami har ƙugu, a gindin bangon falon.

"Baba, kabarin wa kake haƙa?"

"Yaya, zo ki gani!" Fuskarsa duk taɓo, yana dariya kamar an masa albishir. "Na kama ɓarawon. Tsohon bututu ne ya tsage, shekara da shekaru yana shayar da bango. Yau zan sauya shi."

Na tsaya ina kallonsa. "Wa ya sa ka?"

"Sai an sa ni? Gidan maigidana yana ruɓewa ina kallo?"

"Maigidanka yana ƙasa. Wannan gidan ɗansa ne, kuma neman mai saye yake. In bangon nan ya bushe, kai ina za ka kwana?"

Ya ɗaga mini hannu. "Haba Yaya, Auta fa? Yaron da ya yi mini fitsari a wuya?"

Ya sauya bututun, ya mayar da ƙasa, ya kankare bangon. Da bangon ya bushe, ya sayo fenti da kuɗin aljihunsa ya shafa. Bai tsaya nan ba, ya ɗauki waya ya kira Auta da kansa yana ba shi labari. Ina zaune kusa da Gwaggo ina jin muryar yaron ta cikin wayar: "Da gaske, Baba? Ya bushe ƙaƙas? Allah ya saka da alheri!" Gwaggo ta juya fuskarta bango.

Ba a daɗe ba dillali ya zo da wani mai kamfani da matarsa. Na ɗauka Baba Famfo zai shige ɗaki ya rufe ƙofa. Ina! Shi ya karɓe makullai, ya shiga gaba. Ya sa mutumin ya shafa bangon da tafin hannunsa. Ya buɗe musu kowane famfo su ga ƙarfin ruwa. Dillali har ya koma gefe yana danna waya, an ɗauke masa aiki.

Suka zagayo baya. Ina ba Gwaggo ruwa a cokali, matar ta leƙo ba sallama, ta dubi rufi, ta dubi taga, ta dubi ƙarfen da ke bango. Mu kuwa ko kallo ba mu ishe ta ba.

"Nan zai yi wa karnukan," ta ce da mijinta. "Ga ma inda za a ɗaura sarƙa."

Cokalin ya faɗi daga hannuna. Na daɗe a duniya, na ga rashin kunya kala-kala, amma ban taɓa jin an auna ɗakin mutum wa kare yana kwance a ciki ba.

Da yamma Auta ya kira. Sun daidaita, ya ce, saura mai sayen ya turo wanda zai duba masa ginin kafin a sa hannu. In komai lafiya, suna son gidan babu kowa. "Ka yi haƙuri, Baba, ka san yadda abubuwa suke. Kai ne ma ka taimake ni."

Baba Famfo ya zauna a bakin ƙofa da wayar a hannu. Ban rarrashe shi ba, ba lokacin rarrashi ba ne.

"Ka san inda bututun yake," na ce. "Kai ka binne shi. Guduma ɗaya ta isa. Kafin mai dubawa ya zo bango ya sha ruwa, ciniki ya watse."

"Yaya, aikina fa."

"Aikinka ko matarka?"

Sai muka ji Gwaggo daga gado. Tun da ciwon ya same ta, magana da ƙyar take fita, amma wannan ta fito sarai. "Malam. Fasa shi."

Ya tashi, ya ɗauki diga da guduma ya zagaya. Muka kasa kunne. Mun ji sara, mun ji shebur, sannan shiru mai tsawo. Can sai ga shi ya dawo, gwiwoyinsa duk ƙasa, gudumar a rataye a hannu.

"Ka fasa shi?"

Bai dube ni ba. "Na tono shi. Na ɗaga gudumar, wallahi na ɗaga. Sai na ga mahaɗin yana ɗan tsattsafo ta gefe. Na ɗaure shi."

Gwaggo ta yi wani sauti, ban sani ba ko dariya ce ko kuka, ta ja zane ta rufe kanta.

Mai dubawa ya zo, ya yaba aikin ruwan gidan. Aka sa hannu.

Wani tsohon abokin aikin Baba Famfo ne ya ba su ɗakin ajiya a bayan shagonsa, can ƙarshen gari, inda sai an hau mota biyu kafin a kai asibiti. Ranar tashi, ni da direban motar kaya muka kama Gwaggo muka sa ta a gaba. Tun ranar gudumar ba ta ƙara yi wa mijinta magana ba, in yana ba ta abinci ma rufe ido take. Ana ɗaure katifa sai ga sabuwar matar gidan ta fito daga mota, ta yafito Baba Famfo.

"Tsoho, an ce kai ka san bututun gidan nan. Bar mini lambarka, ko wani abu zai taso."

Na ce a raina yau dai zan ji ya zagi mutum. Ya goge hannunsa a riga, ya karɓi wayarta, ya sa mata lambar a hankali, har ya sake dubawa kada ya yi kuskure.