Akawal a Bakin Mashigin Challawa

Ranar Litinin ce ta farkon watan Agusta, da ƙarfe shida da rabi na safe, a shekarar da na shiga aji shida, wato tsakiyar shekarun 1970. Mu uku ne a bakin rafin da ya raba ƙauyenmu da masana'antun Challawa: mahaifina a kan sirdi, ƙanensa Baffa Sule riƙe da bulala, ni kuma riƙe da ragama. Na huɗunmu shi ne Akawal, baƙin dokin da Baba ya gada, wanda ya kafe kofatansa cikin laka ya ce bai san zancen ba. Daga tsallake jiniyar majema ta yi kukan farko. Kowa ya san in ta yi na biyu an rufe ƙofa ke nan.

Wajibi ne in bayyana abin da ya kai mu wurin. Baba lebura ne a majemar, aikinsa jiƙa fata da kankare ta, kuma da ƙafa ya saba zuwa, ya naɗe wando ya ratsa rafi. A daminar nan kurkunu ya fito masa a idon sawu, ƙafar ta kumbura har ba ta takuwa. Helma, wato shugaban leburori, ya aiko cewa za a ba shi aikin zaune na ware fatu, muddin ya bayyana kafin wata ya ƙare. In ba haka ba, ga samarin Damagaram nan jibge a bakin ƙofa suna jiran gurbi. Rabin gonarmu kuwa ya riga ya shige shingen kamfani. Albashin nan shi ne tuwonmu, shi ne kuma zamana a makarantar mishan ta Sabon Gari, inda nake wurin gwaggona, sai hutu ya kawo ni gida.

Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne, tun Akawal yana ɗan duƙushi yake ratsa mashigin nan. Baffa ya ce lalaci ne, ya zuba masa bulala. Dokin ya yi tsaye da ƙafa biyu, Baba ya rungume wuyansa, ƙafar mai ciwo ta bugi likkafa, na ji ya yi salati da wata murya wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba. Jiniya ta yi na biyu. Muka juya gida.

Kwanakin da suka biyo baya babu wanda ya zauna lafiya a gidanmu. Baba yana zaure yana naɗe kurkunu a jikin tsinke, kaɗan kaɗan don kada ya tsinke, da an busa jiniya sai ya yunƙura kamar zai tashi, ya koma. Inna ta fara rage hannu in ta shiga rumbu. Baffa kuwa kullum da sabuwar dabara: ya ɗaura dokin a bayan jakin maƙwabta, jaki ya haye, igiya ta tsinke; ya ce iska ce ta tare hanya, aka yi hayaƙi, aka shafa masa rubutu. Ni aikina yankan ciyawa, da sharar barga, da dama dusa da kanwa, ina jiyo sa'o'ina suna langa a dandali ba ni da halin zuwa.

Ranar da Baffa ya rufe wa dokin ido da rawani, a ranar na gane. Malaminmu na makaranta yakan ce, "Duba tukuna, sa'an nan ka yi magana," kuma yakan bi maganar da rula. Na duba. Akawal, ido a rufe, ya tsaya cak a daidai inda ya saba tsayawa, hancinsa a buɗe yana huci. Ashe ba ganin ruwan yake ƙi ba, warinsa ne. A shekarar aka fara sako ruwan jima cikin rafin, ya yi duhu, yana kumfa a gefe. Mu mutane hancinmu ya riga ya saba, domin kowane magidanci da warin yake dawowa gida, har mun daina jin sa.

Na ɗauko rigar aikin Baba, wadda warin majema ya kama, na rataye ta a katangar barga, nesa da turke. Dokin ya yi ta fizgar igiya. Kullum sai in matso da ita kaɗan, ba na ƙarawa sai ya ci dusarsa cikin natsuwa, har rigar ta zo bakin komin da yake ci. Daga nan na shiga ɗebo ruwan rafin a tulu ina yayyafawa a ƙasan barga, daga baya ina wanke masa kofato da shi.

"Kai ɗan nan, gidan nawa za ka mayar majema?" in ji Inna, tana toshe hanci da gefen zane. "Kaji ma sun yi ƙaura!"

"Ƙyale Bature, Yaya," in ji Baffa, wanda haka yake kirana in zai yi mini ba'a. "A makarantarsu har hancin doki ake koya wa boko. Kafin ya gama, wata ya mutu, mu ma mun bi shi."

Maganarsa da gaskiya a ciki, domin wata ya raba, ya wuce, ni kuwa ban kai ga bakin ruwa ba. Baba da kansa ya kira ni ya ce, "Ba za ka ɗan gaggauta ba?" Na durƙusa na ce, "Baba, ku yi haƙuri, in aka tsallake mataki komawa farko za a yi." Ya ce in je. A makon ƙarshe na mayar da cin dusar bakin rafi, yau a kan tudu, gobe a kan laka.

Ranar aiki ta ƙarshe a watan muka ɗora Baba a kan sirdi, muka naɗe ƙafar da tsumma muka ɗage ta sama. Na shiga ruwa na ba dokin baya, ƙwaryar dusa a kaina, ragama sake a hannuna. Akawal ya tsaya, ya yi huci, ya tono laka da kofato. Baffa ya ɗaga bulala. "Sule, sauke hannunka," in ji Baba. Na ji ragama ta yi nauyi, ta kuma saki, sai ƙarar ruwa a bayana. A tsakiya, inda ruwan ya kai mini ƙirji, Akawal ya sake tsayawa. Ban ja ba, ban waiwaya ba. Can sai na ji hancinsa ya taɓa ƙwaryar. Muka hau gaci, na ajiye masa ya cinye tas, domin alkawari ko da dabba aka yi shi sai an cika.

Yau an yi gada a wurin, babura da manyan motoci suna wucewa babu mai leƙa ƙasa, kuma a duk yankin ban san gidan da ke da turke ba. Jikokina in abu ya ƙi su sau biyu sai su ce ya lalace a sake wani. Nakan tsaya a kan gadar in dubi ruwan, wanda yanzu ko tsuntsu ba ya sauka a bakinsa, in tuna cewa Akawal bai taɓa yarda ya sha shi ba, ni ma ban taɓa neman ya sha ba. Mun koya masa haƙuri ne kawai. Gaskiyar tasa ce.

Baba ya karɓi aikinsa a ranar, ya riƙe shi har ƙarfinsa ya ƙare. Akawal ya mutu a bargarsa, da tsufa.