Zakaran Hawan Ƙaho na Kurayyat

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, wata Alhamis gab da Babbar Sallah. Mu uku ne a garken dabbobin da nake kula da shi a Kurayyat, ƙasar Saudiyya: ni, da wani mahauci ɗan garinmu da ya zo umra ya ƙi komawa, da direban da ke kawo mana ciyawa, haifaffen Jidda. Na huɗunmu bijimin sa ne ɗan Sudan, wanda wani Balarabe ya riga ya saya don layya. Shekaru sun shuɗe, amma ko na manta lambar iƙamata, wato takardar izinin zama, ba zan manta wannan yammacin ba.

Direban ne ya kawo fitinar a wayarsa: wata babbar gasa ta makiyayan Amurka masu malafa. Ni mutum ne mai son tsari, saboda haka na kalla da kyau. Da farko ana hawan doki mai tutsu ba sirdi. Bayan nan a jefi maraƙi da igiya a ɗaure shi. Sai babban wasan, inda mutum zai hau bayan bijimi da hannu ɗaya, ya jure daƙiƙa takwas. Wanda ya zama zakara a ɗaura masa bel mai kai kamar faranti.

Mahaucin ya taɓe baki. "Daƙiƙa takwas ita ce jarumta? Kuma ta baya? Mu gidanmu ta gaba ake tarar sa. Kakana in ya hau ƙaho sai ya cinye goronsa yake saukowa."

"To, ya baɗal, jarumin maza, ga sa ga ka," in ji direban. "Yalla, mu gani."

Na ce, "Ɗan'uwa, zauna ka ji abu uku. Na ɗaya, san ba naka ba ne. Na biyu, su waɗannan suna da shinge, da masu janye hankalin sa, da motar asibiti. Kai ko mai kalangu ba ka da shi. Na uku, ba ka da iƙama. Duk abin da ya tara jama'a zai tara 'yan sanda, kuma iyalinka a gida da guminka suke ci."

"Yaya, kai komai sai ka jera shi kamar karatun allo," ya ce yana naɗe wando. "Gado ba ya tambayar iƙama."

Gaskiyarsa. 'Yan sanda ne ke tambaya.

A hawan ƙaho ana ɗaure sa a ƙafar baya, ƙarti su riƙe igiyar. Ya ɗaure ɗin kuwa, ya miƙa wa ƙatonmu guda ɗaya, wato direban, wanda ya riƙe igiya da hagu, waya da dama. Ni na nufi ƙofar garke in rufe, don a buɗe take ana sauke ciyawa.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya hau. Ya daka tsalle ya faɗa tsakanin ƙahonin ya rungume wuyan. Sa ya fizga. Direban ya ga dole ya saki ɗaya, igiya ko waya, sai ya zaɓi abin da tarihi zai amfana da shi. Kafin in kai ƙofa, bijimi ya wuce ni da zakaranmu a goshi, ƙafafunsa na lilo.

Suka hau titi. Masu shaguna suka fito, 'yan Yaman da 'yan Bangaladash, kowa ya ɗaga waya, ba wanda ya ɗaga igiya. Zakarun Amurka su ji kunya, namu ya wuce daƙiƙa takwas nesa ba kusa ba, domin bai san ta inda ake sauka ba. Ina bin su a guje ina jin kirarin da yake wa kansa: "Yaya, ku kama shi! Don Allah ku kama shi!"

San ma mai tsari ne. Bai sauke shi ko'ina ba sai gaban motar 'yan sandan sintiri, sannan ya tsaya yana huci. Ɗan sandan ya fito ya dube shi. Bai tambayi kakansa ba. "Fen iƙama?" ya ce, wato ina takardar zamanka.

Na ja san na mayar garke, ko ƙwarzane babu, aka yi layya da shi lafiya. Zakara kuwa ya karɓi kyaututtukansa a jere: aka ɗauki hoton yatsunsa, ya yi zaman tarhil inda ake tara waɗanda za a kora, sannan aka ba shi kujerar jirgi kyauta zuwa Kano. Da ya kira ni daga gida, na zaci kayansa zai tambaya. Cewa ya yi, "Yaya, bidiyon ya fito da kyau?"

Abin da na koya shi ne, kafin mutum ya hau abu ya fara sanin inda za a sauke shi. Kai mai karatu, in kana da ɗan'uwa a ƙasar nan da ba shi da takarda amma yana da labarin kakansa, ina roƙonka ka rufe ƙofar garke tukuna, sannan ka fara yi masa nasiha.