Me Kika Ci Da Safe?

Yayana ya yi shekara ashirin da bakwai yana aiko wa gidan rediyo rahoto daga ƙasashen da ake yaƙi. Inda mutane ke tserewa, nan yake nufa, daga shi sai jaka ɗaya da rakoda. Mu a gida muryarsa kawai muke samu. Mama takan kara kunne a rediyo ta ce, "Ya rame, ji yadda yake magana." Ni kuwa haushi nake ji, don ni ke jigilar kai ta asibiti.

Yana da wata al'ada irin ta masu aikinsu. Kafin ya fara hira da mutum, sai ya tambaye shi abin da ya ci da safe, don ya daidaita sautin na'ura. Ya yi wa janar-janar wannan tambaya, ya yi wa matar da aka ƙone wa gida. Amsar ba ta dame shi ba, ma'aunin sauti yake kallo.

Da jikin Mama ya yi tsanani, sau huɗu ina kiransa kafin ya zo. Ya iso duk furfura, a gajiye tiɓis, ya zauna gefen gadon. Ya ce zai ɗauki muryarta, ta ba shi labarin ƙuruciyarta, tunda bai taɓa zama ya ji ba.

"Mama, me kika ci da safe?" Idonsa na kan rakoda.

Ta amsa ƙasa-ƙasa, ni da ke bakin taga ban ji ba. Ya ce sauti ya yi. Sai ga waya: sojoji sun kifar da wata gwamnati, edita na son minti biyu daga bakinsa.

"Yanzu zan dawo," in ji shi.

Na harare shi, bai ma gani ba. Minti arba'in ya yi a baranda yana zuba bayani. Kafin ya dawo ta yi barci, kuma ba ta sake magana ba har ta cika bayan kwana biyu.

A shekarar ya ajiye aiki. Yanzu yana ɗakin baya a gidana, jakarsa har yau a shirye a bakin ƙofa, ban san ina za shi ba. Na gaji da fushin, tausayi yake ba ni. Ran nan na kai masa wanki na tarar yana sauraron abin da ya ɗauka, duka-duka daƙiƙa shida. Sai a ranar na ji amsarta.

"Ban ci ba tukuna. Na ce sai ka iso mu ci tare."

Bai ɗago ba. Ya mayar da shi farko.