Mun Cika?

Yayan Malama ya yi rayuwarsa ta aiki kaf a ɗakin ajiyar fayil na wata ma'aikata, ƙarƙashin matakalar bene, inda ko masinja sai ya ga dama yake amsa kiransa. Bai taɓa shugabantar kowa ba. Da ya kusa ritaya, likita ya dubi tumbinsa ya ce ya nemi abin motsa jiki. Da wani ne, da sai ya rage ci, ya riƙa zagaya unguwa da safe. Shi kuwa keke ya saya, ya haɗa da usur, ya dubi danginsa ya ga runduna.

Shi ya raɗa wa kansa suna Jagora, ya yi ta maimaita shi har mutane suka gaji suka karɓa. Duk dogon hutun makaranta sai ya tattara iyalinsa da na ƙanwarsa Malama, mai koyar da lissafi, a ɗaure kaya a kekuna a kama hanya. Kwana da kwanaki ana tafiya, inda yamma ta yi nan za a kafa tanti, ko bakin kogi, ko gefen gona, ko filin ƙwallon wata makaranta idan mai gadi ya yarda. Tafiyar kanta ba ta da laifi. Malama na son ta, tana son sanyin safiya da shirun hanya. Laifin ɗaya ne, yana kuma gaba sanye da rawayar riga mai kama jiki.

Kekensa ba ya ɗaukar komai sai taswira da gorar ruwa, wai mai tunanin hanya ba a nauyaya masa. Matarsa ke ɗaukar risho da tukwane. Mijin Malama, mai shagon gilashin ido, mutum marar hayaniya, shi ke dakon tantuna. In an sauka, Jagora ya buɗe kujerarsa ta naɗi ya zauna ya fara aiki da baki.

“Ja igiyar can. A'a, ba can ba, can ɗin da nake nufi.”

Ranar da iska ta ɗauke tantin da ya kafa da hannunsa, kamfanin da ya ɗinka shi ya sha zagi har aka gama shan shayi.

Babbar dokarsa ita ce ba ya waiwaye, don a cewarsa shugaban da ke waige yana sa mabiya shakka. To ta yaya zai san ba a bar kowa ba? Sai ya ƙirƙiro tambaya. Duk lokacin da za a tashi, a jeru, ya ɗora ƙafa kan feda, fuska na kallon gaba, ya ɗaga murya: “Mun cika?” Na ƙarshen layi ya amsa: “Mun cika!” Sannan ya busa usur. In ba a amsa ba, taya ba ta juyawa. Yana ji da wannan doka kamar shi ya ƙera keke.

Mai amsawar ita ce babbar 'yar Malama, wadda kowa ke kira Wutsiya. Ba rashin gudu ya kai ta baya ba, ita ta zaɓa, ta ce daga can ake ganin shirmen kowa. Ba ta taɓa amsawa iri ɗaya sau biyu ba.

“Mun cika, Kawu, har mun tumbatsa!”

“Wutsiya, ban son wasa a bakin aiki.”

“To mun cika, ranka ya daɗe, ba tare da wasa ba.”

A shekararta ta farko a jami'a ta dawo gida da zazzaɓi irin wanda ba a ɗauka da zafi. Kafin a ɗauke shi da zafi ya gama da ita. Malama na wurin, a ƙarshen gadon asibiti.

A zaman gaisuwa babu wanda ya kai Jagora magana. Ya gaya wa duk wanda ya shigo yadda ya koya wa yarinyar hawan keke, alhali ubanta na zaune gefe, shi da ya yi ta gudu a bayanta riƙe da sirdi. Da hutu ya zagayo ya sanar cewa tafiyar bana ta tunawa da ita ce. Ya sa aka buga riguna da hotonta a gaba. Malama ta karɓi tata, ta ninke, ta sa a durowa. Ta yarda za ta je ne kawai saboda ƙannen Wutsiya, da suka koma tafiya cikin gida kamar masu tsoron tada wani daga barci.

“Ni zan tsaya baya,” ta ce masa.

“Auta, baya sai mai ƙarfi fa.”

“Ni na haifi mai ƙarfin, Yaya.”

Ranar tashi, a ƙofar gida, ya yi jawabi mai tsawo ga maƙwabtan da suka fito zubar da shara. Da ya jefo tambayarsa, wata mota ta matsa musu oda, mijin Malama ya yi wuf ya ce, “Mu je, Yaya, mun tare hanya.” Aka wuce a haka. Amma Jagora ba ya mantuwa da abin da ya shafi girmansa. Da yamma, a wani fili kusa da kogi, Malama na durƙushe tana buga turakun tanti da dutse, ya jawo kujerarsa kusa da ita.

“Ɗazu ba a amsa ba. Na ƙyale ne saboda mutane. Gobe ke za ki amsa, da bakinki.”

Ta ci gaba da bugu.

“Don amfaninki nake faɗa. Na karanta cewa mai baƙin ciki ba abin da ke warkar da shi kamar ya koma yin komai yadda aka saba. Ni ma ai 'yata ce, amma kin ga na dake.”

Ta ɗaga ido ta dubi wanda ya dake, da kofin shayi a hannu, fuskar 'yarta ta miƙe a kan tumbinsa har kumatun sun yi faɗi. Ta sa wani turke ta buga. Kalma biyu yake nema, ta kuma san ko za a kwana a filin nan har damina ba za su fito daga bakinta ba.

Da safe aka kakkaɓe raɓa daga tantuna, aka naɗe, aka ɗaure. Aka jeru a kan 'yar hanyar da ke fita titi. Jagora ya gyara safar hannu, ya ɗora ƙafa.

“Mun cika?”

Malama ta duƙa tana gyara ɗaurin kayanta.

“Na ce mun cika?”

Matarsa ta ce a hankali, “Baban yara, ka bari mana.”

“Auta, da ke nake.”

“Na ji ka, Yaya.”

“To amsa mana, rana na yi.”

“Ba mu cika ba.”

“Wa kuma ya rage?” ya ce cikin ƙosawa, har yanzu yana kallon gaba. “Wani ya zagaya bayan bishiya ne? Kullum ina faɗa a gama wannan kafin a jeru.”

Da gaske yake tambaya. Abin da ya sa yaran suka sunkuyar da kai ke nan.

Malama ba ta ɗaga murya ba, ta yi magana yadda take yi in tana gyara wa ɗalibi kuskure a allo.

“Ɗaya ce ta cika, Yaya, a gabana, ina riƙe da ƙafarta. Mu ba mu cika ba. Gobe ma ba za mu cika ba. In kana da wata tambayar, yi.”

Ba shi da wata. Tambaya ɗaya ya mallaka a duniya. Ga shi ba ya tashi sai an amsa, ba ya kuma waiwaye, duk shi ya kafa. Ya tsaya ƙafa ɗaya a feda, usur a leɓe, ƙeyarsa na zufa. Can ya yi gyaran murya.

“To ko a ce an kusa cika? Don dai tsari.”

Malama ta taka kekenta ta fito daga ƙarshen layi. Ta wuce 'ya'yanta, ta wuce mijinta da tulin tantuna, ta wuce matar yayanta, ta wuce shi kansa ba tare da ta dube shi ba, ta hau titi. Mijinta ya bi ta. Yaran suka bi. Matar Jagora ta ɗan jira shi, sannan tukwanenta suka yi ƙara ta wuce ita ma.

Sai da suka yi nisa ya biyo su yana haki, yana kiran a rage gudu, ba a san hanya ba. Hanyar ɗaya ce, miƙaƙƙiya.

Tun daga ranar a baya yake tafiya. A shagon aski yana gaya wa mutane shi ya sauya tsarin, wai ya gano shugabanci na gaskiya daga baya ake yin sa. Malama na gaba. In za a tashi takan juya ta dubi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, ta ɗan daɗe a inda layin ya ƙare, sannan ta taka feda. Ba ta tambayar kowa komai.