Tanimun, Mai Riƙon Wayar Lasifika a Malbaza

Duk ranar Asabar da la'asar sakaliya, Tanimun yakan fito daga gidan hayarsa da ke bayan tashar manyan motoci a Malbaza, riƙe da wata tsohuwar riga cikin leda. Ba ya bin babban titi. Yakan zaga ta bayan masu faci, ya ratsa lungun da ake zubar da tsofaffin tayoyi, ya shiga mashayar ta ƙofar baya. A can yake tuɓe rigar da ya yi salla da ita, ya rataye ta nesa da warin kwalabe, ya sa ta aiki. Sai ya share fili, ya yayyafa ruwa don ƙurar siminti ta kwanta, ya jera kujeru ƙarƙashin rumfa. Daga ƙarshe ya fito da lasifika, ya goge ta, ya warware doguwar wayarta, ya zauna a gefenta yana jiran mutane.

Ba mashaya muka zo yabo ba, masu karatu. Shi kansa Tanimun bai taɓa yabon ta ba. Mutumin da ya zauna gefen lasifikar nan muka zo yi wa jinjina, yanzu da ya ajiye aiki, tun yana raye.

Ɗan Tajaye ne. Wata shekara da damina ta yi gardama, gero bai yi ba, ya zo Malbaza ci-rani da fatan samun aiki a kamfanin siminti. Masu nema sun fi gurbin yawa. Wani tsohon soja mai mashaya ne ya ɗauke shi gadi da shara, shi kuwa ya kafa sharaɗin ba zai sha ba, ba zai kai wa kowa kwalba ba. Ya shiga da niyyar rani ɗaya. Sai iyali suka biyo shi, yara suka shiga lakwal, wato makarantar boko, rani ya bi rani.

A lokacin ne ƙananan na'urorin waƙa, waɗanda ake kira MP3, suka cika kasuwar Ƙonni. Wani direba ya roƙi a jona tasa da lasifika don abokansa su ji, washegari wani ya zo da tasa, kafin a ankara Asabar ta zama ranar da kowa ke zuwa da waƙarsa a aljihu. Ma'aikatan siminti, direbobi, sojoji, jandarmomi, malaman lakwal da aka turo daga Diffa ko Gaya ko Agadas, kowa yana son a ji abin da yake saurara shi kaɗai a ɗakinsa. Daga baya salula ta maye gurbin na'urorin, amma al'adar ba ta sake ba. Da farko faɗa ake yi a kan wa zai riga wa, har aka fasa wa wani kai. Mai mashayar ya duba, ya ga mutum ɗaya ne hankalinsa ke tare da shi daga farkon zama zuwa tashi, wato Tanimun, sai ya damƙa masa wayar lasifikar.

Dokar Tanimun ba ta da yawa. Kowa waƙa guda, wanda ya riga zuwa shi zai riga sawa, kuma ba a yanke waƙar wani. Hafsa mai galan a kafaɗa da yaron mota layi ɗaya suke bi. In baƙo ya sa waƙar garinsu da yaren da ba mai ji, aka fara gunaguni, Tanimun yakan ɗan ƙara murya, ya ce, "Ku bar shi ya je gida ya dawo."

Sau ɗaya aka san ya karya dokarsa. Akwai wani soja mai suna Yahuza, ɗan wajen Damagaram, mutum marar yawan magana. Ran nan layi ya zo kansa, ya miƙa na'urarsa, ashe ya latsa wani abu daban. Maimakon kiɗa sai muryar mace ta cika filin, tana dariya, tana kiransa da wani sunan wasa na tsakanin miji da mata. Wurin ya ɗauki shewa, wasu har sun fara kwaikwayon sunan. Tanimun da ke kusa ya ga fuskar sojan. Nan take ya zare wayar.

"Ku yi haƙuri, wayar ga ta tsinke," in ji shi.

Suka yi masa ca, wannan ya ce ya tsufa, wancan ya ce a sallame shi. Ya miƙe ya ja lasifikar gaba, ya tsaya yana ta kwance-kwance da ɗaure-ɗaure, bayansa ya tare sojan, har Yahuza ya samu ya sulale ta baya. Sai bayan an yi wa Yahuza canjin wurin aiki aka ji daga bakinsa cewa matar ta rasu wajen haihuwa, kuma muryar nan ita kaɗai ta rage masa.

Irin wannan aikin ba shi da suna, ba a kuma ɗauke shi don ya yi ba. Haruna, direban babbar motar siminti wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, ya ce Tanimun ya taɓa ɓoye masa makulli ranar da ya dage zai tuƙa zuwa Tawa alhali ƙafarsa ba ta ɗaukarsa. Haruna ya mare shi a kan haka. Da safe ya tarar da makullin a hannun matarsa, kuma Tanimun bai taɓa tayar da maganar marin ba. Masu babur da yawa ya tura musu babur har ƙofar gida, ya jingina mutum a zaure, ya ƙwanƙwasa a hankali yadda matar gida za ta ji, yara ba za su ji ba, ya juya kafin a buɗe.

Duk da haka, Tanimun bai taɓa ɗaga kai da aikinsa ba. A masallaci sahun baya yake tsayawa. Matarsa Delu ta san inda yake zuwa, amma yaransa abin da ya gaya musu kawai shi ne gadi yake yi. Ba ƙarya ya yi ba, ya dai san bai cika maganar ba, kuma abin yana cin sa.

Ranar da yake tsoro ta zo ne ta kan babbar ɗiyarsa, Ummul Khairi. Ta gama karatu tana koyon ɗinki, wani saurayi mai suna Mustafa, ɗan gidan masu sayar da hatsi a Ƙonni, ya gan ta, ita ma ta yarda da shi. Wata safiya manyansa suka zo neman aure. Da yake Tanimun ba shi da dangi a Malbaza, shi da wani maƙwabcinsa suka tarbe su a zaure. Babban tawagar shi ne Alhaji Bawa, wan mahaifin yaron. Na biyu da ya sunkuyo ya shigo kuwa ƙanensa ne, ma'aikacin wani buro, wato ofis, a Malbaza, wanda za mu kira Alhasan. Tanimun ya san salular Alhasan kamar tasa, ya san waƙar da yake so, ya san dutsen da ake takawa a ƙofar gidansa. Asabar ɗin da ta wuce ma shi ya kai shi gida.

Aka gaisa, aka ajiye goro a tsakiya. Sai Alhaji Bawa ya gyara zama.

"Malam Tanimun, kafin mu buɗe magana, akwai abin da muka ji a hanya. An ce gidan giya kaka aiki."

Tanimun ya ji kamar an tuɓe shi a kasuwa. Ya san Ummul Khairi tana bayan ƙofa.

"Hakanan na, Alhaji. Gadi nika yi da shara, ina kuma riƙe musu abin kiɗa. Ban taɓa kai ta bakina ba."

"Wannan kai ka faɗa. Wa zai shaida?" Alhaji ya juya ga ƙanensa. "Kai da ke zaune garin ga, ka san shi? Ka san halinai?"

Alhasan ya kalli goron. "Ban san shi ba, Yaya. Mi zai haɗa ni da wurin ga?"

Kalma ɗaya ta isa a lokacin. Ko sunan waƙar Alhasan kawai Tanimun ya ambata, zauren zai juye. Maƙwabcin da ke wurin ya ce ya ga bakin Tanimun ya buɗe, sai ya sake rufewa, ya sa ido a kan tabarma. Alhaji Bawa ya ce za su je su yi shawara, suka tashi da goronsu. Ba su dawo ba.

Da ya shiga cikin gida, Ummul Khairi tana zaune gefen keken ɗinkinta. Ba ta yi kuka a gabansa ba.

"Baba, da ka gaya mini da bakinka. Da ban ji shi daga baƙi ba."

Ya daɗe bayan nan ba ya iya haɗa ido da ita. Delu takan kai masa tuwo zaure, sau da yawa ta dawo da kwanon kamar yadda ta kai. Ya so ya bar aikin a makon da abin ya faru, sai ya dubi ƙannen Ummul Khairi da ke lakwal, ya naɗe rigarsa a leda ya sake bin lungun.

Labarin ya kai kunnen Haruna direba. Ya same shi yana yayyafa ruwa, ya ce masa, "Ka bar ni in tahi Ƙonni gobe. In tsaya gaban Alhajin nan in gaya mishi wa ke ɗauko ƙanenai daga ƙasa duk mako."

"Kada ka je, Haruna."

"Ya ɓata wa ɗiyarka aure, kana kare shi?"

"Shi ma yana da ɗiya mata. In ka faɗa, su za su ɗauki abin da tawa ta ɗauka. Na ga yadda yake a fuskar yarinya, ba ni so in gan shi gidan wani."

Alhasan ya ɗauke ƙafa na ɗan lokaci, sannan ya dawo, ya zauna can nesa. Da layi ya zo kansa bai motsa ba. Tanimun ya taso da kansa, ya miƙa hannu, ya karɓi salular, ya sa masa waƙarsa kamar kowa. Haruna ya ce Alhasan bai ɗago ba har ta ƙare. Bayan wannan ma, duk ranar da ƙafa ta gaza masa, Tanimun ne dai ke tura babur ɗin.

Ummul Khairi ta huce a hankali. Wata rana ta ɗinka masa sabuwar rigar aiki, ta ajiye a kan ledarsa. Daga baya ta auri wani tela ɗan Illela. An ɗaura auren a Tajaye, kuma cikin duk mutanen da suka cika filin nan kowace Asabar, Haruna kaɗai aka gani a wurin. Sauran kowa ya sami uzuri. Su ne waɗanda in sun hange shi a kasuwa da rana sai su shiga duba salula har ya wuce.

Bana Tanimun ya ajiye aiki. Zaman gefen lasifika ya kashe masa kunnen hagu, na dama ma sai an ɗaga murya. Asabar ɗinsa ta ƙarshe, tun kafin duhu ya yi wurin ya cika. Da layi ya zo kan Alhasan, sai ya miƙe bai ba da salular ba.

"Yau ba ni da waƙa," in ji shi. "An tambaye ni ko na san mutumin ga, na ce ban san shi ba. Na san shi. Ba wanda ya rufa mini asiri kamarsa. Tsoro na ji." Sai ya zauna.

Tanimun bai ji rabin maganar ba, sai da Haruna ya maimaita masa a kunne. Ya sunkuyar da kai kamar shi ne mai laifin, ya ce, "Ya wuce, Allah ya yafe mu duka. Wa ke biye?"

Gaskiya ce Alhasan ya faɗa, amma a mashaya ya faɗe ta, gaban waɗanda suka riga suka sani. Zauren da aka buƙace ta bai taɓa jin ta ba. Da ya ji za a rubuta wannan jinjina, ya ce a rubuta komai, a dai sake masa suna. Tanimun ma abin da ya roƙa wa Alhasan ke nan.

Kai ne, Tanimun, ka zauna cikin abin da kake jin kunyarsa, ka fito ba ka cuci kowa ba. Kai ne ka riƙe asirin manya da ƙanana, aka wulaƙanta ka a zaurenka, makami yana hannunka ka ƙi ɗagawa. Akwai matan da mazansu suka dawo gida da rai saboda kai, akwai yaran da suka girma suna ganin girman ubanninsu saboda kai, kuma ba su san sunanka ba. Kunyar da ka yi ta ɗauka, rabinta ma ba taka ba ce. Mun gode, ɗan Tajaye, rumfa mai rufe wanda ya jefe ta. Allah ya rufa maka asiri duniya da lahira, ya sa gonarka ta yi albarka.

Masu karatu, wanda duk ya tsinci sirrin wani a hannunsa, ya tuna da mutumin nan kafin ya buɗe baki. Ku kuwa da kuka san hanyar filin nan, Tanimun yana Tajaye, ya koma noman gero da wake, ranar kasuwa yakan zauna wajen masu awaki. Ku je ku gaishe shi da rana tsaka. Ku tsaya ta damansa, ku ɗaga murya sosai, don in ba haka ba ba zai ji ba, kuma duk wanda ke kusa zai ji cewa kun san shi.